Malaman jami'a a fannin gyaran magana

Masanin gyaran magana shi ne wanda ya karanci yadda ake gano matsalolin furuci, harshe, murya da haɗiya, da yadda ake magance su. Yawancin masu wannan sana'a a makarantu da asibitoci suke aiki. Kaɗan ne ke zama a jami'a, amma su ke yaye sauran, kuma da yawa daga hanyoyin jinyar da ake bi yau daga bincikensu suka fito.

Asali

A Amurka, a jami'a sana'ar ta yi rarrafe. Lee Edward Travis, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa fannin, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Ayowa a 1924, a 1925 kuma aka kafa ƙungiyar masu gyaran magana da ji ta Amurka, wadda yau ake kira ASHA. Biyu daga cikin manyan malaman farko, Wendell Johnson da Charles Van Riper, su kansu masu in'ina ne, abin da ya sa in'ina ta zama 'yar lelen fannin shekaru da dama. Van Riper ne ya buɗe ɗakin jinyar magana a 1936 a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Yammacin Mishigan.

Tarihin yana da tabo. A 1939 wata ɗalibar Johnson ta yi gwaji kan marayu 22, inda aka riƙa gaya wa wasu masu magana lafiya lau cewa bakinsu ya fara sarƙewa. Jami'ar ta nemi afuwa a 2001, jihar Ayowa kuma ta biya diyyar dala 925,000 a 2007.

Hanyoyi biyu

Malaman sun kasu gida biyu. Kashi na farko masu bincike ne, galibi da digirin digirgir. Suna koyarwa, suna neman kuɗin bincike, suna wallafa sakamako. A tsarin Amurka sabon malami kan yi kimanin shekara shida kafin a duba ayyukansa a tabbatar masa da kujera.

Kashi na biyu malaman jinya ne, yawanci masu digiri na biyu da suka daɗe suna ganin majinyata. Aikinsu ba ya yin amo kamar na masu bincike, amma ba don su ba babu ɗalibin da zai fita. Dalili kuwa, kafin ASHA ta ba da shaidarta sai ɗalibi ya cika awa 400 na aiki a ƙarƙashin kulawa: 25 yana kallo, 375 yana tare da majinyaci. Shi ya sa sassa da yawa ke da nasu ɗakin jinya, inda malami ke zama bayan gilashi ko gaban kyamara yana lura da ɗalibinsa, sannan su zauna su bi abin da ya faru daki-daki. Bayan digiri akwai sauran aƙalla mako 36 na aikin gwaji. A Birtaniya kuwa ana iya shiga sana'ar da digirin farko, HCPC, hukumar da ke sa ido kan sana'o'in lafiya, ita ce ke yin rajista.

Abin da kowa ya ƙware a kai

Babu malamin da ke riƙe fannin duka. Wasu na nazarin yaren yara, tun daga jinkirin fara magana har zuwa wahalar karatu. Wasu na bin matsalar da kan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, inda mutum ya san abin da yake nufi amma kalma ta ƙi zuwa, layin da ya samo asali daga aikin likitoci biyu, Paul Broca a 1861 da Carl Wernicke a 1874. Akwai masu murya, masu tsagewar leɓe da ganɗa, da masu na'urorin da ke magana a madadin wanda ba ya iyawa.

Haɗiya ce ta fi ba baƙon fannin mamaki, sai dai hanyar da magana ke fitowa ita ce abinci ke bi. Jeri Logemann ta Jami'ar Northwestern ce ta daidaita gwajin da ake ba majinyaci abinci gauraye da sinadarin bariyam, ana kallon saukarsa a hoton asibiti mai motsi. Haka shirin LSVT, mai koya wa masu cutar Fakinsan ɗaga murya, ya fito daga binciken Lorraine Ramig, shirin Lidcombe na ƙananan yara masu in'ina kuma daga Sidni ta Ostireliya.

Ƙarancin malamai

Tun da digiri na biyu ya isa mutum ya sami aiki mai kyau a asibiti, kaɗan ne ke komawa aji su ƙara shekara huɗu ko biyar don digirgir. ASHA ta daɗe tana kukan haka. Idan kujerar farfesa ta zauna babu kowa, ɗaliban da sashe zai iya ɗauka sai su ragu. Wasu jami'o'in sun buɗe digirin dakta na jinya, wanda ke ƙara wa mai aiki zurfi, amma ba ya horar da shi bincike kamar yadda digirgir ke yi.