Kwana uku na farko bayan fyaɗe suna hannun mutanen unguwa

Tun da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, garuruwa irin su Gusau da Anka da Jibiya da Batsari sun cika da mutanen ƙauye da suka tsere, wasu kuma sun tsallaka Maraɗi. Akasarinsu ba a sansani mai shinge da mai gadi suke ba. Suna cikin kangaye da azuzuwan firamare da zaurukan 'yan uwa, kuma mata da yara ne suka fi yawa. Babu ƙungiyar da za ta kwana ta tashi da su. Duk tsaron da za su samu, daga mutanen unguwar da suka sauka zai fito.

Mu ma'aikatan lafiya matakin farko, abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne jinkiri. Sai a yi wa yarinya fyaɗe a hanyar itace, uwa ta dafa ruwan bagaruwa ta zaunar da ita a ciki, a ja bakinta, a yi shiru. Ba za mu gan ta ba sai bayan wata uku, ciki ya fito ko ciwon mara ya hana ta tafiya. A lokacin abin da za mu iya yi mata ya ragu ƙwarai.

Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shan sa cikin awa 72, wato kwana uku, kuma a sha shi kwana 28 ba fashi. Na hana ɗaukar ciki yana kaiwa kwana biyar, amma kowace rana ƙarfinsa raguwa yake yi. Wannan magani hana shigar ciki yake yi, ba ya zubar da wanda ya riga ya shiga, domin na san tambayar da iyaye ke fara yi ke nan. Akwai kuma maganin cututtukan sanyi, da allurar tetanus, da rigakafin ciwon hanta, da ɗinki idan an ji mata rauni. In da hali, a kawo ta kafin ta yi wanka, a naɗe tufafin da ke jikinta a takarda, kada a ɗaure su a leda, don danshi yana lalata shaida. Idan ta riga ta yi wanka, ko kwanakin sun wuce, a kawo ta duk da haka. Akwai cibiyoyin da aka keɓe don wannan aiki kyauta: Nana Khadija a Sakkwato, Salama a Kaduna, Waraka a Kano. Inda babu su, babban asibiti mafi kusa.

To wa zai kawo ta? A ganina kowace unguwa tana buƙatar mace ɗaya ko biyu da aka sani da riƙon amana: ungozoma, ko malamar Islamiyya, ko uwar adashi, wadda bakinta ba ya yawo. Ta san ma'aikaciyar asibiti da suna, tana da lambarta, tana da mai babur ko mai a-daidaita-sahu da zai fito ko da tsakar dare. Idan yarinya ta zo mata, ba tambayar "me ya kai ki can?" za ta yi ba. Ta zaunar da ita, ta ce mata ba laifinta ba ne, ta tambaye ta wa take so a sanar. Labarin kada ya wuce waɗanda za su yi wani abu a kai.

Ranku ya daɗe masu unguwanni da dagatai, da malamanmu limamai, a nan ne maganar ta zo kanku. Sulhu yana da wurinsa a rikicin gona da bashi, amma ba a fyaɗe ba. Idan aka tara dattawa a zaure, aka karɓi 'yan kuɗi "na magani", ko aka ce ya aure ta don a rufa asiri, asirin mai laifin aka rufa, kuma gobe 'yar wani zai tare. Dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda jihohin Arewa da dama suka amince da ita, ta sa fyaɗe a hannun kotu, kuma ta haɗa da yara maza, waɗanda su ma ana yi musu, sai dai ba a cika faɗa ba.

Kada kuma mu ɗauka mai laifi kullum daga daji yake fitowa. A 2016 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta tattara bayanan mata da 'yan mata 43 a sansanoni bakwai na Maiduguri, waɗanda suka ce shugabannin sansani da 'yan sa-kai da jami'an tsaro ne suka ci zarafinsu, wasu da alkawarin abinci ko aure. Yunwa ce ƙofar. Saboda haka duk inda ake rabon hatsi, a sa mata cikin masu rubuta suna da masu aunawa, a yi shi da rana a fili, kada a ce wa kowa ta dawo da yamma ta karɓi katinta.

Sauran matakan ba sa cin kuɗi sosai. Mata su fita itace a ayari, da hantsi, a san adadin waɗanda suka fita. Makewayin mata ya rabu da na maza, a sa masa sakata ta ciki da fitila mai hasken rana. Yarinyar da ke talla ta dawo gida kafin magariba.

Wadda ta dawo daga hannun 'yan bindiga da goyo ko da ciki, a daina nuna ta da baki a wurin biki da bakin rijiya. A kai ta awo, a yi wa jaririn rigakafi da takardar haihuwa kamar kowane yaro. Idan ta daina barci, ko ta daina cin abinci, ko ta fara cewa gara ta mutu, kada a bar ta ita kaɗai, a kawo mana ita a ranar.