Waiwaye: gardamar saurin faɗaɗar sararin samaniya ba yau ta faro ba

Ɗalibin da ya shiga ajin ilimin sararin samaniya a jami'a yanzu zai tarar ana ta cacar baki kan lamba guda: da wane sauri sararin ke faɗaɗa? Kumbon Planck, wanda ya auni tsohon hasken da ya rage tun farkon samuwar sararin, ya ba da kusan 67: wato saurin da gungun taurari ke nesanta da mu yana ƙaruwa da kilomita 67 a daƙiƙa kan kowane megafasek na nisa. Megafasek shi ne nisan da haske ke ci a shekara miliyan 3.26. Masu awo da taurarin kusa kuwa 73 suke samu. Har wasu na cewa sai an rushe ƙa'idojin an sake gini.

Wannan lamba ta daɗe tana ba masana wahala. Georges Lemaître ya hango faɗaɗar a 1927, Edwin Hubble ya kawo awonsa a 1929, kusan 500. Girman lambar na nufin sararin bai daɗe da fara faɗaɗa ba, don haka da wannan lissafi shekarun sararin ba su wuce biliyan 2 ba, alhali duwatsun ƙasa sun girme haka. Ɗa ya girmi ubansa ke nan.

Abin da ba a cika tsayawa kansa a aji ba shi ne labarin masanin taurari Walter Baade. Bajamushe ne a Kalifoniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an taƙaita masa zirga-zirga, abokan aikinsa sun tafi hidimar yaƙi. Ana rage fitilun Los Angeles don gudun farmaki, sama ta yi baƙi ƙirin, ga madubin hangen nesa mai inci 100 na Dutsen Wilson kusan shi kaɗai. A nan ya rarrabe taurarin tsakiyar Andromeda, babban gungun taurari maƙwabcin namu, ɗaya bayan ɗaya, ya gane taurari jinsi biyu ne. Daga baya ta bayyana cewa taurarin Sefid, masu haske su dushe waɗanda ake auna nisa da su tun aikin Henrietta Leavitt na 1912, su ma iri biyu ne, ɗaya ya fi ɗaya haske kusan sau huɗu. Ashe mudu biyu ake awo da su ana zaton ɗaya ne. A taron masana taurari na Rum a 1952 Baade ya sanar cewa nisan gungun taurarin ya ninka, don haka lambar ta ragu da rabi, shekarun sararin kuma suka ninka.

Zuwa 1958 Allan Sandage ya sauko da lambar zuwa 75. A 2019 wata tawaga ta Jami'ar Chikago ta ajiye Sefid gefe, ta auna da manyan jajayen taurari, sai ta samu kusan 70.