Batman ɗan shekara 55: tambayoyi da amsoshi kan littafin Frank Miller

Wane littafi ne wannan?

Sunansa The Dark Knight Returns, littafin labarin zane ne kan jarumin Batman. Kamfanin DC Comics na Amurka ya fitar da shi kashi huɗu a 1986. Frank Miller ne ya tsara labarin ya kuma zana shi da fensir, Klaus Janson ya bi zanen da tawada, Lynn Varley ta sa launi.

Ba dama can Batman mai ban tsoro ba ne?

Da farko haka yake. Lokacin da Bob Kane da Bill Finger suka ƙirƙiro shi a 1939, har bindiga yakan ɗauka. Amma a 1954 masu buga littattafan zane suka kafa wa kansu hukumar tace labarai, saboda zargin suna lalata tarbiyyar yara. Daga nan aka ƙara sassauta shi, shirin talabijin na 1966 kuma ya ƙarasa mayar da shi abin dariya. Marubuci Dennis O'Neil da mai zane Neal Adams sun fara dawo masa da kwarjininsa a shekarun 1970, Miller ne ya kai abin ƙarshe.

Me ya canza takamaimai?

Ya tsofar da shi. Bruce Wayne, wato Batman, ya kai 55, ya yi shekara goma da ajiye aiki bayan mutuwar mataimakinsa Jason Todd, wanda ake kira Robin, ya koma shan giya. Birninsa Gotham na fama da tsananin zafi da wata ƙungiyar 'yan daba matasa da ake kira Mutants. Da ya dawo, jiki ya ƙi ba shi haɗin kai: numfashi na yanke masa, gaɓoɓi na ciwo. A karon farko da shugaban 'yan dabar a juji, saurayin ya yi masa lilis, sai wata yarinya 'yar shekara 13, Carrie Kelley, ta cece shi, ita ce ta zama sabuwar Robin. A karo na biyu Batman ya ja shugaban cikin taɓo, inda saurin ƙuruciya ba ya aiki, ya kakkarya shi a gaban yaransa. Nan ƙarfin littafin yake: duk naushin da ya kai sai ya biya farashinsa da jikinsa.

Yaya aka tsara shafukan?

Miller ya raba shafi gida 16, huɗu a tsaye huɗu a kwance. Ƙananan gidajen ya cika su da fuskokin masu sharhi a talabijin suna gardama ko Batman mai ceto ne ko mai laifi. Mai karatu yana jin an matse shi. Sai kwatsam a ba shi hoto ɗaya ya cinye shafi guda, ya sami sararin numfashi.

Batman ya yi kisa a ciki?

Mutane da yawa sun ɗauka ya kashe babban abokin gabarsa, Joker. Ya murɗe masa wuya dai har ya shanye, ya tsaya. Joker ne ya ƙarasa karya wuyan da kansa yana dariya, don a ɗora wa Batman laifin kisa.

Me ya haɗa shi faɗa da Superman?

A wannan labarin Superman ya zama ɗan aiken gwamnati, a ƙarƙashin shugaban ƙasa mai kama da Ronald Reagan, ana tsakiyar yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet. An tura shi ya tsayar da Batman. Bruce ya sa sulke, ya jona shi da wutar gari, jarumi Green Arrow mai hannu ɗaya ya harba kibiyar kiriftonait, sinadarin da ke raunana Superman. A ƙarshe Bruce ya yi mutuwar ƙarya da magani, ya koma ƙarƙashin ƙasa yana horar da matasa.

Ina masu kwaikwayon littafin suke kuskure?

Sun ɗauki jini da ɗaure fuska, sun bar tsufan da raunin. Littattafan shekarun 1990 sun cika da jarumai masu manyan bindigogi waɗanda ba abin da ke yi musu ciwo, don haka mai karatu ba ya jin tsoron komai a kansu. Fim ɗin Zack Snyder na 2016, Batman v Superman, ya ari sulken da faɗan, amma jaruman biyu ba su daɗe da sanin juna ba, alhali a littafin tsofaffin abokai ne da siyasa ta raba. Shi kansa Miller da ya fitar da ci gaban labarin a 2001, masu karatu da yawa ba su karɓe shi kamar na farko ba.