Mene ne margin collapse a CSS?

A CSS, harshen da ake tsara kamannin shafukan intanet da shi, a ce kana da akwatuna biyu, ɗaya a saman ɗaya. Ka ba akwatin sama tazarar ƙasa (margin, filin da ake bari a wajen akwati) ta fiksel 30, na ƙarƙashinsa kuma ka ba shi tazarar sama ta fiksel 20. A lissafi 50 ya kamata ka gani a tsakaninsu, sai burauza ta nuna maka 30. Lafiyarta ƙalau. Wannan shi ne abin da masu gina shafukan intanet ke kira margin collapse, wato haɗewar tazara: idan tazarar akwatuna biyu irin na block (masu jeruwa ɗaya ƙarƙashin ɗaya) ta haɗu sama da ƙasa, ba a tarawa, babbar ce ke tsayawa, ƙaramar ta shige cikinta. Ta hagu da dama kuwa ba ruwanta da wannan doka.

Da gangan aka tsara haka, tun CSS na farko da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar a 1996. Sakin layi na p yana zuwa da tazarar 1em (daidai girman rubutunsa) sama da ƙasa. Da ana tarawa, da giɓin da ke tsakanin kowane sakin layi biyu ya ninka.

Inda abin ya fi rikita mutane shi ne akwati a cikin akwati. A ce ka sa h1, wato babban kanu, a farkon wani akwatin div mai launi. Idan div ɗin ba shi da padding (tazarar ciki) ko border (layin iyaka) ta sama, tazarar h1 ba za ta zauna a ciki ba, za ta zarce waje ta ture div ɗin gaba ɗaya zuwa ƙasa. Sai ka ga farin giɓi a saman shafi, ka yi ta lalube a dokokin div, alhali mai laifin yana cikinsa. Kafin ka taɓa komai, danna F12 ka ɗora linzami a kan h1 a cikin jerin lambobin shafin da zai buɗe. Chrome na nuna tazara da ruwan lemo, nan take za ka ga ta leƙo waje.

Wasu kan toshe ta da padding na fiksel 1, wasu da overflow: hidden, sai dai wannan na biyun yana yanke duk abin da ya fita daga akwatin, har da inuwa. Ni dai na fi son display: flow-root, domin yana tsare tazarar a ciki ba tare da ya yanke komai ba. A tsakanin akwatunan da ke cikin flex ko grid (wasu hanyoyin jera akwatuna) kuma tazara ba ta haɗewa sam, shi ya sa da ka mai da div ɗin da ke ɗauke da akwatuna biyun nan zuwa flex mai jera su sama da ƙasa sai 30 ɗin nan ta koma 50.