Waiwaye: Dalilin da ya sa Medicare ke biyan robar fitsari amma ban da famfas na manya

Dattijon da fitsari ya daina riƙuwa masa a Amurka, in likita ya rubuta masa robar fitsari, Medicare za ta biya mafi yawan kuɗin. In kuwa famfas na manya yake bukata, daga aljihunsa zai saya, ko sau nawa yake canzawa a yini. Larura ɗaya ce, hukunci biyu, kuma asalin abin yana cikin kalmomin dokar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 30 ga Yulin 1965, wadda ta kafa Medicare domin masu shekara 65 zuwa sama, da Medicaid domin masu ƙaramin ƙarfi.

Sashen B na Medicare, mai kula da jinyar da ba ta kwanciya a asibiti ba, yana biyan kayan jinya masu ƙarko da ake amfani da su a gida: keken guragu, gadon asibiti, na'urar oksijin. Sharaɗin shi ne kayan su jure amfani a kai a kai; daga 2012 ma aka ƙayyade cewa su iya kai shekara 3 aƙalla. Abin da ake sawa da safe a jefar da rana bai da hanyar tsallake wannan shinge, don haka aka bar famfas da shimfiɗar gado mai tsotse jiƙa a sahun kayan tsaftar jiki.

Ita ma robar ai jefarwa ake yi. Ta wata ƙofa ta shiga: doka ta yarda a biya duk abin da ke maye gurbin aikin wani sashe na cikin jiki da ya lalace, kuma roba tana yi wa mafitsara aikinta. Amma sai larurar ta zama ta dindindin, wato ba a sa ran magani ko tiyata za su gyara ta cikin wata 3.

Ko a nan an daɗe ana ƙwauro. Kafin Afrilun 2008, mai zura wa kansa roba ya zubar da fitsari ya cire, guda 4 kacal ake ba shi a wata. Wanke ta yake yi da sabulu, ya shanya, ya sake zurawa, alhali mai ciwon laka kan yi haka sau huɗu zuwa shida a yini. Daga wannan wata aka ɗaga adadin zuwa 200, kowace a yi amfani da ita sau ɗaya. Robar waje da maza ke sawa kamar kwaroron roba, iyakarta 35 a wata. Wadda ake bari a ciki, ɗaya. Mai lanƙwasasshen baki, wadda ake bukata idan furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kumbura ya tare hanya, sai likita ya rubuta dalilin da ya sa miƙaƙƙiya ba ta wucewa. Bayan mutum ya cika kuɗin farko da yake biya daga aljihunsa kowace shekara, Medicare na biyan kashi 80 cikin ɗari, shi ya cika 20.

Medicaid hanyarta daban, domin kowace jiha ce ke gudanar da tata. Yara ne suka fara samun tabbaci: tsarin duba lafiyarsu da aka kafa a 1967, aka ƙarfafa a 1989, ya wajabta wa jihohi biyan abin da likita ya ce ɗan ƙasa da shekara 21 na bukata. Shi ya sa yaro mai naƙasa ke samun famfas, galibi daga shekara 3 ko 4, lokacin da tsaransa suka daina sawa. Manya kuwa sun daɗe suna dogaro da jihar da suka tsinci kansu. A 2016 hukumar tarayya mai kula da shirye-shiryen biyu ta fayyace cewa kayan jinya a gida sun haɗa da waɗanda ake amfani da su a jefar. Duk da haka adadin wata, da irin kayan, da neman izini kafin a wuce iyaka, na hannun jiha.

Daga 2019 aka sassauta wa kamfanonin Medicare Advantage, wato kamfanonin inshora masu zaman kansu da ke gudanar da Medicare; wasunsu na ba da ɗan kason sayen kaya a kantin magani, wanda famfas kan iya shiga cikinsa. Ba haƙƙi ba ne; kamfani na iya rage shi a sabuwar shekara.

Biyan ma ba ya nufin an huta. Jamus ta daɗe tana biyan famfas a inshorar gwamnati, majinyaci ya ba da kashi 10 cikin ɗari, kada ya wuce Yuro 10 a wata. Da aka riƙa ba mai mafi arha kwangila, sai ƙorafin yoyo ya yi yawa, har aka gyara doka a 2017, aka soke irin wannan gwanjo a 2019. Arhar nan ba ta ado: famfas da ba ya tsotsewa yana barin fata cikin jiƙa, ta saɓule, gyambon kwanciya ya biyo baya, kuma jinyarsa ta ninka kuɗin famfas nesa ba kusa ba.

Da yawa daga cikin takardun neman famfas da Medicaid ke mayarwa, kuskuren rubutu ne ke kayar da su. Likita ya rubuta "rashin riƙe fitsari" kawai bai faɗi cutar da ta jawo shi ba. Ko ya manta adadin da ake bukata a yini. Ko girman, wanda ake aunawa da kewayen ƙugu ko ɗuwawu, a ɗauki wanda ya fi faɗi. Takardar tana ƙarewa, galibi bayan shekara, kuma mai kawo kayan dole ya kasance mai rajista da shirin jihar. Wanda yake kan shirye-shiryen biyu a lokaci guda, takardar kuɗin robarsa Medicare ake fara aika wa, ta famfas ɗinsa kuwa Medicaid.