Waiwaye: yadda masana suka koyi auna "na san fuskar nan"

A kasuwar Dole ta Damagaram ba a rasa irin mutumin nan da duk wanda ya gifta sai ya ce, "Kai, ai na san ka!" In da waɗanda ya cinka daidai kaɗai za a ƙirga, babu gwani kamarsa. Sai dai har baƙon da ya sauka daga motar Agadas yau da safe ya "sani". Wannan ne ya daɗe yana ci wa masu nazarin halayyar ɗan Adam tuwo a ƙwarya.

Gwajin nasu mai sauƙi ne. A nuna wa mutum hotunan fuskoki, a ɗan jima, a cakuɗa su da sababbi, a ce ya ware. Wuyar tana wajen lissafi, kuma dabarar daga masu aikin na'urar rada mai hango jiragen sama aka aro ta, waɗanda ke neman bambance jirgin gaske da gizon da allo ke yi wa ido. A 1954 Tanner da Swets suka ɗora ta a kan ganin ɗan Adam, a 1958 James Egan ya shigar da ita gwajin tunawa. Tun daga nan ƙirge biyu ake yi: sau nawa ka gane tsohuwar fuska, sau nawa ka rantse a kan wadda ba ka taɓa gani ba. Da su ake raba kaifin ganewa da saurin baki.

A 1969 Robert Yin ya nuna cewa kifa hoto ya fi rikita gane fuska fiye da gane gida ko jirgi. A shekarar ce kuma Malpass da Kravitz suka gano mutum ya fi gane fuskokin masu launin fata irin nasa. Meissner da Brigham suka haɗa bincike 39 a 2001, mutum kusan 5,000, sakamakon ya tabbata. Waɗanda aka gwada galibi Turawa ne da baƙar fata, ni kuwa da zan so in ga lissafin nan a garin da tsofaffi ke karanta tsagar kumatu, Buzu kuma ya naɗe rawani sai idanu.

Zancen ya kai ga 'yan sanda. An daɗe ana cewa gara a nuna wa shaida hotuna ɗaya bayan ɗaya da a baje su gaba ɗaya. A 2012 Mickes, Flowe da Wixted suka sake lissafin, suka ce hanyar ɗaya bayan ɗaya ba ta ƙara wa shaida kaifin ido, ɗari-ɗari kawai take sa shi kafin ya nuna yatsa.