Waiwaye: Sidi uku na 2005 da gardamar kuɗin makarantun gwamnati

Duk lokacin da aka karanta kasafin kuɗi, sai gardamar ta dawo sabuwa a Kumasi, ƙasar Gana. A majalisar masu shan ataya a Aboabo, ko bayan sallar isha'i a Asawase, za ka ji wani ya rantse cewa sakandare kyauta ce ta cinye kuɗin ilimi, wani ya ce ai ba don ita ba da 'ya'yan zango da yawa ba su taka ajin sakandare ba. Sai mai waya ya zaro alƙaluma: ƙasa kaza tana kashe kaza, mu muna kashe kaza. Akan tashi baram-baram, kowa yana ganin matsalar ta soma ne a watan Satumban 2017, lokacin da aka buɗe shirin sakandare kyauta. Ni kuwa ina ganin tsohon miki ne, kuma ya fi ruruwa a ƙananan azuzuwa, inda ba a cika leƙawa ba.

Farkon labarin sananne ne. Dokar ilimi ta 1961 ta ce firamare kyauta ce kuma dole. Tattalin arziki ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970, malamai suka yi ta tsallakawa Najeriya neman abinci, makarantu suka zama kango. Gyaran 1987 ya rage shekarun karatu kafin jami'a daga 17 zuwa 12, a shekarar ce kuma aka kafa sashen ilimin Musulunci da ya jawo makarantunmu na Islamiyya da dama cikin tsarin gwamnati. Tsarin mulki na 1992 ya sake yin alkawarin ilimin tushe kyauta, sannan a 2000 aka kafa asusun tallafa wa ilimi na GETFund daga harajin kayayyaki. Ba za a ce ƙasar nan ta yi rowa ga ilimi ba.

To amma me kuɗin ya saya? Ma'aunin Bankin Duniya na 2020 ya nuna yaro a Gana zai yi kimanin shekara 12 a makaranta, amma idan aka auna abin da ya koya, bai fi na shekara 6 ba. Yaron Kenya bai kai namu daɗewa a aji ba, ga shi yana fita da karatun da ya haura shekara 8. Na Biyetnam ya haura 10. Wannan Biyetnam ɗin ce ta shiga jarrabawar PISA, wadda ke kwatanta ɗaliban ƙasashe, a 2012, tana ƙasa mai ƙaramin ƙarfi, ta wuce Amurka da Birtaniya a lissafi. Mu kuwa gwajin karatu da aka yi wa 'yan aji biyu a 2013, aka maimaita a 2015, ya nuna waɗanda ke karatu sumul tare da fahimta ba su wuce biyu cikin ɗari ba. Gwaje-gwajen nan biyu an yi su ne tun kafin a fara sakandare kyauta.

Shekarar da nake so mu tsaya a kanta ita ce 2005. Kafin nan, sunan kyauta ne kawai. Iyaye na biyan kuɗin wasanni, kuɗin al'adu, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, wanda bai biya ba a koro shi gida. Na sha ganin yara na gararamba a lungu da hantsi saboda 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. Sai aka soke waɗannan kuɗaɗe a faɗin ƙasa, aka maye gurbinsu da abin da malamai ke kira kafiteshan: Sidi dubu 30 na tsohon kuɗi a kan kowane yaro a shekara, wato Sidi uku bayan canjin kuɗi na 2007. A shekarar ce kuma aka fara ciyar da ɗalibai. Alheri ne babba, kuma na yi murna da shi har zuciyata. Yaran da ke talla suka sa yunifom mai ruwan ƙasa, azuzuwa suka cika maƙil, musamman na rainon yara.

Sai dai akwai abubuwa biyu da suka shige mana ba mu ankara ba. Na farko, an yanke adadin ne a tsaye, ba a ɗaure shi da farashin kasuwa ba. Sidi uku na 2005 ya ɗan haura dalar Amurka uku. An ƙara shi zuwa huɗu da rabi a 2009, daga baya ya kai goma. A ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, Sidi goman nan bai kai dala ɗaya ba. Daga cikinsa ake son a sayi alli da rajista, a gyara benci, a buga takardun jarrabawa, a kai yara wasanni. Albashi kuwa shi ke ɗauke kaso mafi tsoka na kasafin ilimi, kuma dole a biya shi ƙarshen wata. Idan aljihun ƙasa ya matse, abin da ake iya jinkirtawa shi ne wannan ɗan ƙaramin kuɗin na cikin aji. Mai kwatanta ƙasashe da jimillar kasafi ba zai taɓa ganin wannan ba, domin a takarda malami yana nan, ginin ma yana nan.

Yayata ta shugabanci wata firamare ta gwamnati shekaru da dama. Wata ranar Lahadi na same ta a tsakar gida tana yayyaga kwali, tana rubuta baƙaƙen Turanci a kai da alƙalamin maka, ga ledar alli da ta saya a kasuwar Kejetia da kuɗinta. Na ce, "Yaya, ba an ce ana turo muku kuɗi ba?" Ta ce, "Ana turowa, ƙanina. Amma na zangon farko sai ka gan shi a zango na uku, yaro kuwa ba zai jira ba." Littafin karatu ɗaya yara uku ke sunkuyawa a kansa, na tsakiya ne kaɗai ke ganin layin daidai.

Abu na biyu ya fi damuna, don mu iyaye ya shafa. Lokacin da muke biya, muna zuwa taro muna tambaya, har da tayar da jijiyar wuya. Da aka ce kyauta ne, sai muka naɗe hannu, muka ce ai ta gwamnati ce. Mai ɗan hali ya cire ɗansa daga saito, kamar yadda ake kiran makarantun gwamnati, ya kai shi ta kuɗi, ko da ɗaki uku ce a bayan gida. Waɗanda suka fi iya magana a taro suka watse, aka bar mai koko da mai ɗinki, su ma neman na cefane bai bar su zama ba. Alhali tsarin ya tanadi cewa shugaban makaranta ya tsara yadda zai kashe kuɗin, kwamitin kula da makaranta, wanda iyaye ke ciki, ya sa hannu.

Uganda ta bi ta irin wannan hanya kafin mu. Bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin ɗari ne kawai na irin wannan kuɗi ke isa makarantu. Sai aka fara buga abin da aka tura a jaridu kowane wata, makarantu kuma su liƙa nasu a bango. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Ba ina cewa ana karkatar da namu ba ne. Abin da ya burge ni shi ne uba ya tsaya gaban bango ya san nawa aka turo wa ɗansa da ranar da ya iso. Indonesiya kuma a 2005 ɗin ta yi dokar da ta ninka albashin malaman da suka samu shaidar ƙwarewa. Malaman sun samu sauƙin rayuwa, kuma haƙƙinsu ne, amma da aka auna ɗalibansu bayan 'yan shekaru, sakamakon bai motsa ba.

Yaron zango yana da ƙarin nauyi. Harsuna 11 aka amince a koyar da su a makarantun ƙasar nan, babu Hausa a ciki. Ya tashi da Hausa a gida, ya shiga aji ya tarar da Turanci da Asantanci, da yamma ya tafi makarantar allo ya ɗauki allonsa. Irin wannan yaro ya fi kowa buƙatar littafi a hannunsa a aji ɗaya da aji biyu, kuma daidai nan ne Sidi ukun nan ya yi ta ƙanƙancewa. Idan ya kai sakandare yana tuntuɓe da karatu, za a ce shirin 2017 ne ya lalata ilimi, alhali tun shekara tara baya aka rasa shi.

A zangon da ya wuce na je taron iyaye a makarantar 'yar ƙanwata. Ɗalibai sun haura ɗari huɗu, mu da muka zauna a kan bencin yara ba mu cika ashirin ba. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, nawa aka turo wa jikana bana?" Shugaban ya buɗe rajista, ya faɗa mata adadin da ranar da ya shigo. Ta ƙirga a yatsu, ta ce bai kai kuɗin kokonsa na mako guda ba.